KUƊIN FITO YA HAU: MAI KEKE NA KUKA, MAI JIRGI NA KUKA

Daga Wakilinmu na Arewa

 Yau na zo muku da maganar gida, watau maganar kuɗin fito, wanda ya hau har ya fara hana mai keke zuwa kasuwa a ƙasarmu ta Katagum.

Ga wanda bai san wurin ba, Disina gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Shira ta Jihar Bauchi, a yankin kogin nan da waɗansu ke kira Bunga, waɗansu kuma Kogin Jama'are. Kogin ya taso ne daga duwatsun Jos, ya ratso ƙasarmu, ya je ya haɗu da na Haɗeja, suka zama Kogin Yobe wanda ke gangarawa Tafkin Chadi. Da rani yaro ma yakan tsallake shi a wurare da yawa, yana tura kekensa cikin rairayi. Amma da zarar damina ta yi nisa, wajen watan Agusta da Satumba, sai ya cika ya batse, ya raba uwa da ɗa, ya raba manomi da gonarsa. A wannan lokaci ba sarki sai mai jirgin fito.

A daminar da ta wuce na je wani mashigi da nawa keken, na tarar da wani dattijo ya ɗaure buhun gero a kariya, ya yi tsaye yana ciniki da mai jirgi. Mai jirgi ya ce kuɗin mutum daban, na keke daban, na buhu kuma daban. Dattijo ya ce, "Haba ɗana, kai da na san ubanka? Abin da kake nema a kan keken nan kaɗai, ai da shi nake ƙetarewa ni da kayana, in je in dawo." Mai jirgi ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara. In na rage maka, to, sai in ƙara mutum biyar a jirgin nan kafin in ci riba, kuma ka ga yadda ruwa yake." Dattijo ya dubi ruwa, ya dubi buhunsa, ya juya kan keke ya koma gida. Ran nan bai ci kasuwa ba.

Tun daga ranar nake tunani a kan maganar mai jirgin nan, don kuwa ita ce gaskiyar al'amarin duka.

A ƙasashen Turai akwai mutanen da sukan ɗauki hutu su hau keke su yi ta yawon buɗe ido, su shiga jirgin ruwa daga Ingila su ƙetare zuwa Faransa ko Holan. Su ma suna kukan tsadar jirgi. To, amma in abin ya fi ƙarfin Bature, sai ya fasa tafiya ya yi hutunsa a gida, ba abin da ya rasa. Mu kuwa a nan keke ba abin shaƙatawa ba ne. Shi ne jakin talaka. A kansa ake kai hatsi kasuwa, a kansa malamin firamare ke zuwa makaranta, a kansa ɗan koli ke zaga ƙauyuka, a kansa ake goya maras lafiya zuwa bakin titi don a sami motar Azare. Iyayenmu sun san darajar Rale, wanda a da har haɗa shi ake yi a Kano, kuma mai shi yakan wanke shi ya goge kamar doki.

Mun ɗauka zamanin keke ya wuce da zuwan babur, ashe da sauran rina a kaba. Ran 29 ga Mayu 1923 ba ta shafe mu ba, amma ran 29 ga Mayu 2023 ta shafi kowa, domin a ranar ce Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli na shekarar, ta haura naira 1,000 a watan Oktoba 2024. Mutane da yawa suka jingine babura, suka jawo tsofaffin kekuna daga bayan rumbu, suka kai wa mai faci. Watau mutumin da ya gudu daga tsadar mai ya koma keke, shi ne kuma ya zo bakin kogi ya tarar tsada ta riga shi isowa.

Wani zai ce, ina ruwan mai kwalekwale da fetur, alhali kuwa da gora yake tuƙi? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ku mazauna Kurmi kun fi kowa sanin amsarta. Katakon kirki da ake ƙera jirgi da shi, daga wajenku yake zuwa, daga dazuzzukan Edo da Ondo da Sapele. Babbar mota ce ke ɗauko shi, ita kuma ba ruwa take sha ba. Ƙusa ta yi tsada, kwaltar da ake liƙe jirgi da ita ta yi tsada, ladan kafinta ya hau. Bugu da ƙari mai jirgi yana da iyali, kuma a kasuwa ɗaya muke awo da shi. Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Sana'ar fito kuwa ta 'yan watanni ce, in ruwa ya janye ta ƙare. Ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka ni ban ga amfanin zagin masu fito ba. Lalle akwai marasa tsoron Allah a cikinsu, waɗanda in sun ga ambaliya sai su ga kasuwa ta buɗe, su ninka kuɗi a kan mai jinya da mai gawa. Waɗannan ya kamata Sarkin Ruwa da dagatai su ja musu kunne. Amma in aka ce a tilasta wa kowane mai jirgi ya koma tsohon farashi ba tare da an rage masa nauyi ba, to, an bar jaki ana dukan taiki. Abin da zai yi shi ne ya cika jirgi fiye da kima, mutane a tsakiya, kekuna da babura a gefe, buhuna a ƙasa, har bakin jirgi ya riƙa shan ruwa.

Mun kuwa ga inda wannan ke kaiwa. Ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a ruwan Bagwai ta Jihar Kano, mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A watan Yuni 2023 wani ya kife a Kogin Kwara wajen Patigi, da masu dawowa daga biki, aka rasa fiye da mutum 100. A duka biyun an ambaci yawan lodi. Fito mai araha wanda ba a isa gaci ba, ya fi kowane fito tsada.

Asalin ciwon dai shi ne rashin hanya da gada. A watan Agusta 2024 ruwa ya yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, motoci suka yi cirko-cirko. In titin Gwamnatin Tarayya ya yanke, ina ga hanyar ƙauye? Ku da ke Anacha, tsofaffinku za su ba ku labarin yadda ake kwana a bakin ruwa ana jiran jirgin fito zuwa Asaba, kafin a kammala gada a 1965. A 2023 an ƙara musu ta biyu. Mu ba mu nemi irin wannan ba. Ƙananan gadoji da kwalbatoci masu ƙarfi a mashigan da aka fi bi sun ishe mu.

Kafin gada ta zo, ga shawarata guda uku.

Na farko, ƙananan hukumomin da kogin nan ya ratsa su sayi jirage masu kyau kafin damina, su damƙa wa masu fito na gado, ba 'yan siyasa ba. Wanda bai sayi jirgi da kuɗinsa ba, ba shi da hujjar tsawwalawa.

Na biyu, a zauna da hakimai da Sarkin Ruwa da shugabannin kasuwa a yanka farashi, a rubuta shi a allo a kafa a kowane mashigi, tare da adadin mutanen da jirgi zai ɗauka. A ganina kuɗin keke kada ya wuce rabin na mutum, ɗan makaranta da maras lafiya kuwa su ƙetare kyauta.

Na uku, Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar ruwa. Doka ce mai kyau, amma sai rigar ta iso bakin kogi tukuna za a sa ta.

A nan ne maganar ta dawo kanku. Kuna da ƙungiyoyi na 'yan gari, kuna yin karo-karo in an yi rasuwa ko gobara. Me zai hana a bana ku yi karo-karon kafin rasuwar? Ku da ke Ikko kuna ganin yadda ba a barin mutum ya shiga jirgin Ikorodu sai da rigar ruwa, kun san inda ake sayar da ita, kun san inda katako ke da sauƙi. Jirgi ɗaya da riguna ashirin ba su fi ƙarfin 'yan gari ɗaya ba, hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka. Ku damƙa su a hannun mai gari bisa sharaɗi, a gaban shaidu. Sa'an nan ku rubuta wa kansilolinku da 'yan majalisarku a kan maganar gada, ku sa hannu gaba ɗaya.

Ku tuna, kuɗin da kuke aikowa gida, wani ne ke hawa keke ya ƙetare ruwa ya je gari ya karɓo. Wannan mutum kuwa ƙaninku ne ko mahaifinku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙetarar da mu lafiya. Amin.