TIYATAR RAGE ƘIBA: SIKELI BA YA AUNA ZUCIYA



A yau wasu daga cikin matanmu na zuwa Masar ko Indiya ko Turkiyya domin a yi musu tiyatar rage ƙiba, inda likita kan yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, ko ya rage shi ya karkatar da hanji. Ba mu musun amfanin aikin ga wadda ƙiba ta zame wa cuta, domin yana sauƙaƙa ciwon sukari da hawan jini. Abin da muke ja a kai shi ne yadda ake duba sikeli kawai, a manta da zuciyar baiwar Allah da zaman aurenta.

Binciken da aka buga a Amurka a 2019 ya nuna cewa kusan rabin matan da ba su gamsu da mu'amalar aure ba kafin tiyata sun sami ci gaba bayan shekara 5. Madalla! To, sauran rabin fa? Wata fatar da ta saki ce ke sa ta jin kunyar mijinta. Wata ƙarancin jini da na bitamin B12 ne ke kashe mata jiki, sai a ce ƙiwuya ce ko raini. Wata kuma maganin damuwar da take sha ne hanjinta ya daina tsotsa kamar dā. A Kanada, binciken 2016 ya gano ƙaruwar masu cutar da kansu bayan tiyatar; na Suwidin a 2018 ya gano ƙaruwar mutuwar aure. Shin waɗannan abubuwa ne da za a rufe da sunan kunya?

Saboda haka muna kira ga mazaje: wanda ya biya kuɗin jirgi, ya biya na binciken jini da ganin likita bayan dawowa, ya kuma yi haƙuri da kyautatawa, domin haƙƙin shimfiɗa na mutum biyu ne. Ke kuma 'yar'uwa, nemi likita mace ki faɗa mata gaskiya. A sani cewa haihuwa kan buɗe bayan raguwar ƙiba, alhali likitoci na shawartar a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Wadda baƙin ciki ya dame ta har tana tunanin halaka kanta, a kai ta asibiti a ranar, kada a tsaya zargi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Amin.