Girgiza ko Rairaya? Matsalar Kalma a Ɗakin Gwaje-gwaje

A ɗakin gwaje-gwaje akwai na'urar da ake ɗora wa kwalaben renon ƙwayoyin bakteriya, irin kwalbar nan mai faɗin gindi da siririn wuya da Emil Erlenmeyer ya ƙirƙiro a 1860. Mai fassara yakan kira aikinta "girgiza" ya wuce, alhali kalmar ba ta kama motsin ba.

Kwalbar ba ta juyawa a kan gindinta. Faifan da ke ɗauke da ita ne ke yin da'ira, sai ruwan ya hau bango yana zagayawa, ya bar siririn shafi a bayansa, iskar oksijin ta sami filin shiga. Shi ya sa ba a cika ta. Akan tsaya a kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Jochen Büchs da abokan aikinsa a Jami'ar Aachen ta Jamus sun nuna cewa in ruwan ya yi kauri, ko da'irar ta yi ƙanƙanta, yakan daina bin motsin faifan, ya kwanta a gindi. Ƙwayoyin sai su rasa iska, sakamakon gwaji ya gurɓace.

Matan Ikara da Kudan sun daɗe da raba waɗannan motsi da sunayensu. Mai fitar da man shanu kaɗa nono take yi a gora, kai da komo. Mai maburgi burgawa take yi, ƙwarya na zaune, sanda ke juyawa. Amma mai raba gero da tsakuwa rairaya take yi: hannu na kai ƙwarya da'ira, ruwa na bin gefe. Wannan shi ne ainihin aikin na'urar. Masu dafa mazarƙwaila a Maƙarfi kuwa sun san lokacin da ruwan rake ke yin danƙo ya ƙi bin hannu, abin da Büchs ya auna ke nan.

Ana iya cewa rairaya rarrabewa take nufi, na'urar kuwa gaurayawa take yi. Haka ne, sai dai motsin ake buƙatar suna, kuma faɗaɗa ma'ana ba baƙon abu ba ne ga harshen da ya ɗauki "tuƙi" daga tukunya da kwalekwale ya kai shi mota.

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana irin waɗannan aikatau. Abin da ya rage shi ne masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi a Zariya da Kano su zauna da malaman Kwalejin Shehu Idris ta Maƙarfi, da ƙwarya da kwalba a gabansu.