"Zamanin Zinare": Wa Ya Biya Kuɗinsa?

Da wuya a yi lacca kan Bagadaza ta Abbasiyawa a tashi ba a ce "zamanin zinare" ba. Sunan aro ne. Asalinsa tatsuniyar Girkawa ce da ta kasa rayuwar ɗan Adam zuwa zamanin zinare, na azurfa, na tagulla da na ƙarfe, sannan marubutan Turai na ƙarni na 19 suka liƙa wa tarihin Musulunci shi. Ba na musun abin da aka yi a birnin da Halifa Mansur ya kafa a 762. A nan Khawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabra wajajen 820, a nan Hunainu bin Ishaƙ ya juya littattafan likitancin Girka zuwa Larabci. Damuwata da sunan ne, domin zinare ba ya tsatsa, kuma duk abin da aka kira da shi an wanke shi daga aibi tun kafin a bincika.

To, a duba fadamun Basra. Dubban bayi, da yawansu daga gabashin Afirka, suna kankare gishirin da ya rufe ƙasa domin masu dukiya su samu gonaki, abincinsu ɗan gari da dabino. Su ne Zanj. A 869 tura ta kai bango, suka yi tawaye a ƙarƙashin Aliyu bin Muhammad, suka ƙone Basra a 871, ba a murƙushe su ba sai 883. Shekara 14 ana zubar da jini, kuma Ɗabari, wanda ya rayu a lokacin, ya rubuta labarin dalla-dalla. Wanda ya kwana cikin laka da gishiri a tsagar ƙafarsa, wane zinare ya gani?

Malamai ma ba su tsira ba. Imamu Abu Hanifa a tsare ya rasu a 767. Halifa Ma'amun, wanda ake yabo da ƙaunar ilimi, sai da aka yi wa Bagadaza ƙawanya aka kashe ɗan'uwansa Amin a 813 kafin mulki ya zauna masa. Shi ne kuma a 833 ya tilasta wa malamai cewa Alƙur'ani halittacce ne, fitinar da ta sa aka ɗaure Imamu Ahmad bin Hambal, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim.

Asarar da ta fi ci mini rai ta bayan 1258 ce, shekarar da Hulagu ya rusa Bagadaza. Da an ce zinare ya ƙare a nan, duk wanda ya zo daga baya ya zama ɗan zamanin koma-baya. Alhali a 1259 aka soma gina ɗakin duban taurari na Maraga a hannun Nasiruddin Ɗusi. Ibnus Shaɗir na Dimashƙa, Ibn Khaldun da ya rasu a 1406, Suyuɗi da ya rasu a 1505, duk a wajen shingen suke. Mu ma haka: zuwan Magili Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, Ahmad Baba na Tumbutu, Ɗan Marina da Ɗan Masani a Katsina, littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u. Ɗalibin da ya haddace wancan suna ya riga ya yarda cewa kakanninsa sun iso bayan an watse.

Kalmar "farfaɗowa" ma tana da nata harajin, don babu mai farfaɗowa sai wanda ya suma. Da Turawa suka kira zamanin Italiya na ƙarni na 15 farfaɗowa ko sake haihuwa, sai ƙarnonin da suka gabace shi suka zama na duhu, ga shi a cikinsu aka kafa jami'o'in Faris da Oxford.

Muna da kalmomin da suka fi gaskiya. In Bahaushe ya ce wane yana tashe, ya san gobe na wani ne. In ya ce daula tana kan ganiyarta, ƙarfinta yake nufi, bai ba ta shaidar adalci ba, domin azzalumi ma yana da ganiyarsa. Roƙona ga malaman tarihi da masu fassara: ku ce Abbasiyawa suna ganiyarsu, sannan ku koya wa ɗalibai labarin Zanj a darasin da kuke koya musu Khawarizmi.