Lafiya uwar jiki: ƙwayar ciwon hanta B mai ɓad da sawu

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, mutane da yawa kan san suna ɗauke da ciwon hanta B ne ranar da suka je ba da jini. Sai a miƙa masu takarda da Faransanci, cike da harufa, su kai ta gida su adana.

Harafin farko shi ne AgHBs, wani ɓangare na ɓawon ƙwayar cutar, wanda likita Baruch Blumberg na Amurka ya bayyana a 1965. In ya wuce wata 6 cikin jini, cutar ta zauna. Anti-HBs alamar kariya ce, bayan warkewa ko allurar rigakafi. AgHBe kuwa yana nuna ƙwayar tana hayayyafa da ƙarfi.

A dā, ɓacewar AgHBe albishir ce. Amma a 1989 masu bincike suka nuna cewa ƙwayar tana sauya halitta. Wajen kwafar kanta takan yi kuskure, kuma ba ta gyarawa. Kuskure guda, a gurbi na 1896 na tsarin gadonta, ya isa ya hana ta fitar da AgHBe, alhali tana ci gaba da cin hanta. Takarda ta ce "négatif", ɗan kasuwa ya koma rumfa, ma'aikaci ya koma biro da kwanciyar hankali, sai bayan shekaru hanta ta ƙandare ko ciwon daji ya bayyana.

Saboda haka mai AgHBs yana bukatar awo biyu a kai a kai: adadin ƙwayar cikin jini, da ALAT mai nuna raunin hanta. Ƙa'idojin OMS na 2024 sun ce a fara magani in adadin ya haura 2000 cikin mililita kuma ALAT ya hau. Tsohon magani lamivudine, ƙwayar takan sauya ta gagare shi. Tenofovir kuwa da wuya ta kuɓuce masa, muddin ba a katse sha ba da izinin likita ba.

OMS ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da cutar a 2022. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, 9 cikin 10 cutar na zauna masa. Allura cikin awa 24 na farko tana kare shi. Magidancin da aka samu da AgHBs, wajibi ne ya kai iyalinsa awo.