A Bar Yaranmu Su Gina Fitilun Waɗansu

Yau ba zancen taki ko na rumbu na kawo ba. Zancen yaranmu ne.

Bayan kaka na kwana a wani ƙauye kan aikin ajiyar hatsi. Da safe na leƙa makarantar Lahadi, na tarar malama ta sa yara su zana Kirsimeti. Kusan dukansu sun zana itace mai tsini, da dusar ƙanƙara, da tsoho mai jar riga. Na tambayi wata yarinya inda ta ga itacen nan. Ta ce a kalanda. Na ce, "A wace ƙasa yake tsirowa?" Sai ta yi shiru.

Ashe yaranmu sun daɗe suna zana bikin waɗansu, amma a makance. Ra'ayina shi ne, tun da za su zana, gara mu koya musu da sani.

A ƙasashen arewacin duniya dare mafi tsawo yakan faɗo wajen 21 ga Disamba. Inda duhu da sanyi suka yi yawa haka, mutane sukan yi marmarin haske, kuma yawancin bukukuwansu na lokacin da fitila ake yi. Yahudawa suna da Hanukka, kwana 8, don tunawa da tsarkake Haikalin Urushalima wajen shekara 164 kafin haihuwar Almasihu. Kowane dare sai su ƙara kunna fitila ɗaya. Wanda ya duba Yohanna sura 10 zai ga Yesu kansa yana cikin Haikali a lokacin idin nan. A Suwidin, ran 13 ga Disamba, yarinya takan sa farar riga da kambin kyandir don tunawa da Lusiya. A Iran iyali sukan raya dare mafi tsawo tare, suna cin rumman da kankana, suna kiransa Yalda. Mabiya addinin Hindu a Indiya, cikin Oktoba ko Nuwamba, sukan jera ƙananan fitilun yumɓu a bikin Diwali.

Koyar da wannan ba ya cin kwabo. Muna da yumɓu, da man gyaɗa, da audugar lagwani. Muna da gawayi, da farar ƙasa, da jar ƙasa, da karan dawa, da ƙwarya. Yaro ya gina fitila da hannunsa, malami ya gaya masa su wane ne suke kunna irinta, da dalilinsu. Abin da hannu ya gina, kai ba ya saurin mantawa.

Wani dattijon ekklesiya ya ce mini wannan hanya ce ta shigo da bautar gumaka. Ban raina tsoronsa ba, gama kiwon yara amana ce. Amma akwai iyaka, kuma a fili take: yaro ya ji labari, ya yi aikin hannu, ba ya yin addu'ar wani addini. Ni ma na karanta yadda mutanen Sin suke noman shinkafa, ban kuwa bar cin tuwo ba.

Sa'an nan kada mu tsallake teku mu manta da maƙwabcin da katanga ta raba mu. Sallah ba bikin ɗari ba ce, domin shekarar Musulunci ta kasa tamu da wajen kwana 11, saboda haka tana zagayawa. Duk da haka takan iske mu cikin hunturu. A 2006 Babbar Sallah ta zo a ƙarshen Disamba, a 2015 kuma an yi hutun Maulidi ran 24 ga Disamba, washegari Kirsimeti. Yaranmu ne suke kai shinkafa gidajensu, nasu kuma su kawo mana nama. Ya kamata su san abin da kwanon yake nufi.

In 'ya'yan Musulmi za su zauna tare da namu, a fara neman yardar iyayensu. A tuna kuma cewa da yawa cikinsu ba sa zana mai rai, balle annabi. Sai a yi zayyana irin ta bangon gidajen Zariya da Kano, ko ta hula. Wannan ma darasi ne ga namu.

Me ya sa na damu? Mun ga abin da ya sami garuruwanmu. Yaron da bai san maƙwabcinsa ba sai ta bakin masu zuga, shi ne mai sauƙin miƙa wa dutse. Wanda suka taɓa yumɓu ɗaya tare zai yi nauyin hannu.

A ƙarshe, a sa su zana Kirsimetinmu yadda yake: hazo, da jin ɗumin wuta da asuba, da dami a masussuka, da Zumuntar Mata suna kiɗan tulu. Wanda ya san nasa ba ya tsoron duba na wani.

Malaman makarantar Lahadi, ku gwada bana, ku rubuto mana yadda ta kaya. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.