Ɗalibin Kimiyya da Ya Koma Sha'anin Kuɗi: Asara Aka Yi?

Akwai wani labari da ya zama ruwan dare a ɗakin malamai na makarantun sakandare. Yaro ne haziƙi, ya ci lissafi da fiziks da kemistiri, ya tafi jami'a ya fito da digirin injiniya ko na kimiyya. Bayan bautar ƙasa ya yi shekara uku ko huɗu yana koyarwa, ko yana aiki a wata masana'anta mai tafiya da ƙyar, sai a ji ya koma jami'a neman digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA, ko a fannin sarrafa kuɗi. Ba a daɗe ba sai a gan shi cikin kwat a sashen kuɗi na wani babban kamfani. Tsohon malaminsa kan girgiza kai ya ce an yi asarar yaro. Ƙannensa kuwa, da ke aji huɗu suna shirin zaɓen darussa, tambaya suke yi: in dai ƙarshen tafiyar ofishin kuɗi ne, me zai kai mutum wahalar kimiyya tun farko?

Duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, amma kuskuren yaran ya fi haɗari, domin shi ne ba ya gyaruwa daga baya.

Aikin sarrafa kuɗin kamfani ba ƙirga takardun kuɗi ba ne a bayan kanta. Yanke shawara ne a kan abin da bai riga ya faru ba. Alal misali, kamfani yana so ya kafa injin casar shinkafa a Kano. Zai kashe kuɗi masu yawa yau, riba kuwa sai ta riƙa shigowa kaɗan-kaɗan cikin shekara goma ko fiye. Shin a kafa ko a fasa? In za a kafa, bashi za a ciwo ko hannun jari za a sayar? Amsar tana rataye ne a kan wata ƙa'ida guda, wato naira ɗaya ta yau ta fi naira ɗaya ta baɗi daraja. Idan jari zai iya samar da kashi 20 cikin ɗari a shekara a wani wurin, to naira miliyan 100 da za a samu baɗi daidai take da miliyan 83 a yau. Idan sai bayan shekara biyu za a same ta, miliyan 69 ce. Bayan shekara goma kuwa, miliyan 16 kacal. Ke nan darajar tana raguwa da rabi kusan duk shekara huɗu.

Ɗalibin fiziks ya san wannan siffa kafin ya taɓa jin sunan kasuwar hannun jari. Ita ce siffar hucewar shayi a kofi, inda bambancin zafinsa da na ɗaki ke raguwa da rabi a kowane tsayayyen lokaci. Ita ce kuma siffar zaizayewar sinadarai irin su yuraniyom. Abin da wasu ke shan gumi a kansa wata guda a ajin digiri na biyu, shi tsohon sani ne aka sauya wa riga.

Wannan dangantaka tsohuwa ce. A shekarar 1900 wani Bafaranshe mai suna Louis Bachelier ya gabatar da kundin digirinsa na uku a birnin Faris, inda ya bayyana hawa da saukar farashi da lissafin motsin da ba shi da tsari, shekara biyar kafin Einstein ya yi amfani da irin wannan lissafi wajen bayanin motsin ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa. Fischer Black ya fara da fiziks a Jami'ar Harvard, ya yi digiri na uku a lissafi. A 1973 shi da Myron Scholes suka fitar da shahararriyar dabararsu ta ƙiyasta farashin wasu takardun ciniki, wadda idan aka juya ta sai ta koma lissafin yaɗuwar zafi a cikin ƙarfe. Robert Merton ya yi digirin farko a lissafin injiniya, na biyu a lissafi, sai a na uku ya juya zuwa ilimin tattalin arziki, ya gama a 1970. A 1997 shi da Scholes suka sami kyautar Nobel.

Sai dai lissafi rabin amfanin ne kawai. A koma ga injin shinkafar nan. Wanda kuɗi kawai ya karanta zai karɓi alƙaluman da mai sayar da inji ya ba shi, ya jera su, ya ga riba ta fito fes. Injiniya kuwa zai tambaya: awa nawa wutar lantarki za ta tsaya a rana, kuma lita nawa ta gas janareta zai sha a sauran awannin? Wata nawa a shekara ake samun shanshera a farashi mai sauƙi? Kashi nawa na buhu ke tafiya a ƙaiƙayi da dusa? A nan ake ci ko a faɗi, kuma babu ajin MBA da ke koyar da waɗannan tambayoyi. Digiri na biyu yana ba mutum harshen da zai yi magana da masu jari, amma abin da zai faɗa musu daga digirin farko ya taho da shi.

Akwai kuma abin da kimiyya ba ta shirya mutum a kansa ba, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Ƙwayar zarra ba ta firgita; ɗan kasuwa yana firgita, ya firgita maƙwabcinsa. Kamfanin zuba jari na Long-Term Capital Management a Amurka, wanda Merton da Scholes ke cikin jiga-jigansa, ya yi asarar sama da dala biliyan 4 cikin 'yan watanni a 1998, shekara guda bayan kyautar, har sai da manyan bankuna 14 suka haɗa kuɗi suka tare shi. A Nijeriya ma, bayan sassauta dokokin banki daga 1986, yawan bankuna ya tashi daga kimanin 40 zuwa kusan 120 a farkon shekarun 1990, matasa masu digiri iri-iri suka yi tururuwa can. A Janairun 1998 aka rufe 26 lokaci guda. Wanda ya bar fanninsa saboda ƙyallin albashi kawai, ya sani cewa ƙyallin yana iya dusashewa dare ɗaya. Ga kuɗin makaranta, ga shekara biyu da za su tafi, ga zama a ƙarƙashin sa'annin ƙannensa da suka riga shi sanin akanta da dokar haraji. Mai gudun kuɗin ruwa kuma ba a rufe masa ƙofa ba: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, kuma lissafin da ake bukata a can bai fi na sauran sauƙi ba.

Kukan malami yana da tushe ta gefe ɗaya. Duk mai digirin fiziks da ya koma kamfani, wata makaranta ta rasa malami, kuma ba a maye gurbinsa da wuri. Amma laifin yana wuyan tsarin da ke biyan malamin kimiyya abin da ba zai riƙe gida ba. Hana yaro tafiya ba zai sayo ko kwalbar gwaji ɗaya ba.

Yaron aji huɗu kuwa ya kamata a nuna masa yadda ƙofofin suke buɗewa. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano suna karɓar masu digirin kimiyya da injiniya a karatun gudanar da kasuwanci, sau da yawa bayan sun fara yin babbar difloma ta share fage. Mai digirin kasuwanci da ya wayi gari yana sha'awar digiri na biyu a fiziks ko injiniya, sai ya koma ya nemi sakamakon fiziks da kemistirin da ya ajiye tun yana ɗan shekara goma sha biyar.