Sharhi: Da wane mudu za a auna daɗin auren matanmu?

A 2002 Chadi ta kafa dokar lafiyar haihuwa, a 2015 ta haramta aurar da yarinya kafin shekara 18. To amma 'yan majalisarmu da ke zama a Gassi, da me za su san ko mace na jin daɗin shimfiɗar aurenta? Binciken hukumar ƙididdiga INSEED na 2014-2015 ya ƙirga haihuwa da masu tsarin iyali, bai auna gamsuwa ba.

Masana a Amurka sun tsara tambayoyi 19 kan wannan batu a shekarar 2000. Mutanen Iran, masu kunya irin tamu, sai da suka mayar da su Farisanci, suka gwada a kan matansu kafin su amince.

A nan, baƙo ya tambayi Bahaushiya da Faransanci, amsarta "lafiya lau". Ainihin kukan yana wurin mai kayan mata, wadda hajarta ke tsallako gadar Ngueli daga Kuseri, ana sha ba a san haɗinta ba. Muna ganin Ma'aikatar Lafiya ta zauna da waɗannan dillalai da ungozomomi, a tsara tambayoyin da Hausa da Larabcin Chadi, mata su tambayi 'yan'uwansu mata.